Wayar da ta ƙi yatsana a hanyar Kotonu

Duk wanda ya ji na yi tafiya Kotonu, kogi yake fara tambayata. "Jirgin bai yi tangal-tangal ba?" "Sojoji ba su kora ku ba?" Na ji ma wasu a Gaya sun ƙara gishiri, wai ɓarayi suka tare mu a dajin Kandi. Ba a yi haka ba. Kogin nan tun ina ƙarama nake wanki a bakinsa, bai taɓa ba ni tsoro ba. Abin da ya kusa ɓatar da ni a ƙasar mutane, babban yatsana ne na dama, da wata waya da masu ƙera ta ba su san akwai irina a duniya ba.

Tun da sojoji suka karɓi mulki aka toshe gadar da ke tsakaninmu da Benin, aikina ya mutu. Takardun kaya nake cikawa a wani ɗan biro, wato ofis, kusa da duwan, wurin kwastam, aikin da na samu bayan jarrabawar bak ta kayar da ni sau biyu. Mota ba ta wucewa, takarda ba ta zuwa. Ina zaune a gida har na fara faɗa da kaji, sai wata ƴar ajinmu ta turo sanarwa: wani ƙaramin kamfani a Kotonu na yin aflikasiyo, wato manhaja, ta waya don matan kasuwa, suna neman mace mai jin Hausa da Dendi da Faransanci ta sa muryarta a ciki. Na aika saƙon murya. Wata Madam Rozin ta amsa, ta ce Litinin ƙarfe goma na safe. In na zo kan lokaci aikin nawa ne, in ban zo ba akwai wata a layi. Ta turo takardar gayyata, da lambarta, da ɗigon wurin a taswira. Duka a cikin waya. Ni da na shekara biyu ina cin abinci da alƙalamin bik, ban kwafi ko harafi ɗaya a takarda ba.

Malanbil

Asabar da hantsi na taka ƙasar Benin, zanena jiƙe har gwiwa. Wayar tun jajibere na ƙulle ta cikin leda biyu saboda ruwa, don a ranar hannuwana ma a ɗaure suke. Inna ta rantse ɗiyarta ba za ta shiga garin mutane da hannu fari kamar marar uwa ba. Ta ƙunsa mini lalle, ta bi shi da toka da gishirin lalle har ya yi baƙi ƙirin, ya rufe kan yatsun nan goma.

A tasha na kwance ledar. Akwai saƙo ɗaya da ya shigo tun rezon gida, wato sabis ɗin waya, bai ɗauke ba. Ina ganin alamarsa a gilashi, amma wayar ta ɓoye abin da aka rubuta, sai na buɗe. Na ɗora babban yatsa inda ɗan zoben haske yake fitowa. Ta yi ɗan kaɗawa, ta ƙi. Na goge hannu a zane, na sake. Ta ƙi. Sau biyar. Sai ta fito da gidaje shida, ta ce in sa kod, lambar sirri.

Yaya Sanusi ne ya sayo wayar a Kamba, shi ya sa mata kod, shi ya kama yatsana ya danna har ta san shi. Ya faɗa mini lambar sau ɗaya. Na tuna abin da na ce masa: "Yaya, yatsa gare ni, me zan yi da lamba?" Bayan sati biyu ya tafi haƙar zinariya Jado, inda sai mutum ya hau dutse yake samun rezo. Wata takwas ina buɗe waya da yatsa, ba ta taɓa matsa mini ba sai ranar.

Na ce gumi ne. Na sa ta a ƴar jakar hannu, na shiga kar, babbar motar fasinja.

Kafin Kandi

Aka tsayar da mu a wani shinge, aka ce kowa ya sauka da katinsa. A lokacin arewacin Benin ba lafiya, kowa ya sani, kuma katin Nijar ba abin da ake yi wa murmushi ba ne. Mai kakin ya juya nawa gaba da baya.

"Ina za ki?"

"Kotonu."

"Wajen wa?"

"Madam Rozin."

"Rozin wa? Wace unguwa?"

Sunan unguwar na taɓa ganinsa sau ɗaya, dogo ne, da baƙaƙe cunkushe, ban tsaya karanta shi ba tunda ɗigon zai kai ni.

"Yana cikin waya," na ce.

"Buɗe."

Na ɗora yatsa. Ta kaɗa. Na sake. Ta kaɗa. Bai ɗaga murya ba, shi ne ma abin da ya fi tsorata ni. Ya ce, "Wayar taki ce?" Ya nuna mini wani benci a gefe, ƙarƙashin rumfar kwano, inda maza biyu ke zaune ba takalmi. Na dubi kar ɗinmu, mutane sun fara komawa ciki. Jakata tana sama a ɗaure.

Sai wata mata mai jiki, da ke kujerar bayana tun Malanbil tana ta ɓare goro, ta sauko tana jan ƙafa. Ta yi masa magana da Dendi, da irin muryar da ake yi wa suruki.

"Ɗana, ɗiyar ƙanwata ce, tare muke." Ta fizgo hannuna ta ɗaga masa har hanci. "Dubi nan. Ɓarauniya ce za ta zauna a ƙunsa mata wannan? Lallen ne wayar ba ta gani. Ba ka da mata a gida?"

Ya dubi yatsan, ya dubi matar, ya miƙo mini katin.

A cikin kar ta sa wani ya canza mata wuri ta dawo kusa da ni. Hajiya Gambi sunanta, ƴar Yelu, fataucin albasa take yi zuwa Kotonu tun ban zo duniya ba. Ta ciro wata ƴar ƙaramar waya mai maɓallai, an ɗaure bayanta da roba.

"An taɓa saya mini irin taki," ta ce. "Ranar suna na yi lalle, ta ƙi ni kwana goma sha. Na ce wa mai ita ya zo ya ɗauki abarsa, ni ba a yi mini yanga da kuɗina."

Sai a lokacin na gane. Tsohuwar wayata a bayanta ake sa yatsa, wani ɗan rami da hannu ke ji, kuma ba ruwanta da launi. Waɗannan na yayi an mayar da abin ƙarƙashin gilashi don fuskar ta yi sumul, haske take haskawa ta kalli yatsa. Ta haska, ta ga baƙi, ta ce ba ni ba ce.

"To ki kira gida," in ji Hajiya. Ta miƙo ƴar wayarta.

Na karɓa na tsaya. Lamba ɗaya na sani da ka a duniya: tawa.

Hajiya ta dube ni ta ce, "Har aji nawa kika ce kin yi?"

Kandi

Dabarata ita ce in kankare lallen. Hajiya ta ce da lemun tsami da dutsen goge ƙafa zai yi sauƙi zuwa gobe, in dai fatar ba ta tafi ba. Abin da ya rage shi ne kar batiri ya mutu, don ya yi ƙasa sosai. Da aka tsaya salla da cin abinci, na ga wani tsoho da tebur cike da wayoyi, igiyoyi kamar taliya. Na ba shi, ya liƙa mata lamba, ya ba ni tawa. Na tafi neman lemu.

Da na dawo ya miƙo ta da fara'a. Gilashin baƙi.

"Baba, me ya same ta?"

"Na kashe miki ita, ɗiyata. Ta fi saurin cika. Duk ta matafiya haka nake yi musu, tunda mota ba ta jira."

Na kunna. Zoben hasken nan bai fito ba sam. Sai rubutu da Faransanci: bayan an kashe waya, kod kaɗai ke buɗe ta. Ko alamar saƙon nan ta ɓace.

Na yi wa tsohon nan tsawa a gaban mutane. Na ce wa ya aike shi. Ya tsaya riƙe da igiya yana cewa, "Alheri na yi nufi, wallahi alheri na yi nufi." Har yau in na tuna fuskarsa kunya nake ji. Shi ya yi abin da ya saba yi wa kowa, wayar ce ba ta gaya wa kowa dokarta ba sai da aka karya ta.

Daga Kandi zuwa Paraku na yi ta caccaka lambobi. Shekarar haihuwar Yaya. Tawa. Ɗaya zuwa shida. Ƙarshen lambar babur ɗinsa. Da farko tana cewa in jira daƙiƙa talatin, sai ta koma minti ɗaya, sai biyar. Hajiya ta ƙwace ta ta cusa cikin lalitarta.

"Ke wutar ciki za ta kashe ki. Zauna."

Paraku

Mun kwana gidan wasu ƴan Dosso da Hajiya ta sani. Da safe aka kawo sakwara da miyar da ban san sunanta ba. Na sa loma ɗaya, sai na tuna yau Lahadi, yanzu Inna na tsakar gida tana kwaɗa kopto, wato ganyen zogale, da ƙuli, tana jiran in kira in ce na sauka. Ba ta san ko na ƙetare kogin ba ma. Na ajiye kwanon na shiga bayan gida na yi kukana, na wanke fuska na fito.

Ban gaya wa Hajiya ba, na zare wayar na tafi layin masu gyara kusa da tasha. Wani mai gemu da gilashin ido, yana jin Hausa sarai, ya juya ta a hannu.

"Sai an filashe."

"Abin da ke ciki fa?"

"Ya tafi. Hoto, lamba, saƙo, duka."

"To abin da ke ciki nake so."

Ya yi dariya, ya rage murya. "Ƙanwata, mu bar wasa. Wayar da mai ita bai san kod ba, mun san irinta. In aka kama ki da ita a hanya, ba ki da bakin magana. Bar ta nan, in ba ki ƙarama mai kyau, ki tafi lafiya." Yana maganar yana tura ta cikin aljihun tebur.

Ban san lokacin da na haye teburin da rabin jikina ba. Na damƙi wuyan hannunsa na ce da ƙarfi, yadda duk layin zai ji, "Ba ni wayata, ko in tara maka jama'a!" Ya sake ta. Na fito ina tafiya kamar jaruma, sai da na sha kwana na zauna bakin kwata. Don gaskiya ya faɗa a abu ɗaya: ba ni da yadda zan nuna tawa ce.

Da na koma na gaya wa Hajiya, ba ta yi faɗa ba. Ta sa muka cire katin layina muka sa a wayarta ko akwai lambobi a kansa. Fayau. Wayoyin yanzu ba sa ajiye suna a kan kati, can wani wuri suke kai su da ba ka gani.

"To," ta ce, "bari mu yi irin tamu."

Ta kira wani dillalin albasa a Malanbil, wanda lambarsa ke kan maɓalli na uku. Shi ya nemo Idi mai jirgi, wanda ya san unguwarmu. Aka ce Idi ya je gidanmu ya nemi Inna. Amsa ta dawo: yau an hana ƙetarawa, sai gobe in Allah ya yarda.

Gobe ita ce Litinin.

Kotonu

Ban ga garin ba. Mutane suna ce mini teku, manyan gidaje, ban ga komai ba sai ƴan babura masu riga ruwan ɗorawa suna zuba kamar ƙudan zuma, kowanne na tambayata ina za ni. Tambayar da ba ni da amsarta ke nan. Hajiya ta sauke ni a Zongo, a rumfar da ake sauke albasarta. A nan na wayi gari, a kan buhu, da rigar da na goge tun Gaya.

Ƙarfe tara saura wayar Hajiya ta yi ƙara. Idi ne, daga tsakar gidanmu. Na ji muryar Inna a bayansa tana salati tana kuka.

"Balkisa! Kina da rai?"

"Inna, ina da rai. Yaya ya taɓa gaya miki wata lamba ta wayata?"

"Ni me na sani da lamba? Amma ya rubuta wani abu a bango, ya ce na wannan marar jin maganar ne, ranar da za ta nema."

Bayan ƙofar ɗakin Inna akwai bango da duk gidan ke rubuta lambobi, wasu da bik, wasu da alli, wasu da gawayi. Inna ba ta karatu, amma ba ta taɓa kiran wani a madadin wani ba, don kowace lamba da zanenta a gefe. Kawu na Tunuga kifi ne. Mai kawo itace, jaki. Unguwarzoma, jariri mai ƙaton kai. Na girma ina yi wa bangon nan dariya.

"Wane zane ya yi?" na ce.

"Baki," in ji Inna. "Baki buɗe, da haƙora."

Idi ya ƙyalƙyale da dariya, Hajiya ma. Ni ban yi ba. Ya karanto biyar, ya tsaya.

"Ta shidan fa?"

"Da gawayi ya rubuta, ruwan damina ya bi ta kanta. Ƙasanta dai a zagaye yake."

Ƙasa a zagaye. Uku, biyar, shida, takwas, sifiri, ko tara ma. Na sa takwas. Ta ƙi, ta ce in jira minti goma sha biyar, sakamakon haukan da na yi a hanya. Na zauna ina kallon lokaci na raguwa a gilashi. Ba ta da wani wuri da za ka danna ka ce mata ni ce, ga katina, ga uwata a waya. Fari fes, gidaje shida, da agogo. Na sa shida. Minti talatin. Goma ta yi ina kan buhun albasa. Na sa sifiri. Awa ɗaya.

Hajiya ta bar cinikinta ta zo ta zauna kusa da ni. Ta kama hannuna na dama ta riƙe a cinyarta, don ta ga na fara gurza yatsan da bakin buhu har ya yi jini.

Goma sha ɗaya ta wuce sosai na sa uku. Ta buɗe. Ta fito da hoton furanni, kamar ba abin da ya faru.

Saƙon da ya shigo tun Malanbil na Madam Rozin ne: in na sauka in kira, za a zo a ɗauke ni a tasha.

Biro

Bene ne hawa biyu, da sanyin na'ura. Na iso sha biyu da rabi ina warin albasa. Madam Rozin ƴar siririya ce mai gajeren gashi, ba ta da wulaƙanci, ba ta kuma da wasa. Ta ce sun kira ni tun Asabar ba ta shiga, sun jira har sha ɗaya, ɗayar yarinyar tana ciki ta fara ɗaukar murya. Ta ce ta yi baƙin ciki. Ta ce in sha ruwa kafin in tafi.

Na sha ruwan. Kwana uku na tsoro suka taru a ƙirjina suka zama wani abu dabam. A kan tebur akwai wayoyi uku da aflikasiyon tasu a buɗe, da samari biyu da suka yi ta, kowanne da kwamfuta. Na ce ko zan iya gani. Ɗayan ya miƙo da jin daɗi, ya ce sun cire duk wani tarkace, babu rubutu, babu maɓalli, haka ake yi yanzu a ko'ina. Mace ta ɗora yatsa kawai ta shiga.

Na ɗora. Ta kaɗa. Na ɗora na hagu. Ta kaɗa. Na bi yatsun nan goma ɗaya bayan ɗaya a gabansu, kowanne sai ta kaɗa.

"Matan wace kasuwa kuka yi wa wannan?" na ce.

Ya ce ai akwai kod in yatsa ya ƙi.

"Wa zai sa mata kod ɗin? Ɗanta. Ina ɗan? Ya tafi ci-rani." Na nuna wasu layuka uku a kusurwa. "Wannan mene ne?"

"Menu."

"Tsani na gani. Wannan fa?" Wata alama ce kamar kwano da kibiya.

"Ajiya."

"Uwata ba ta taɓa shiga lakkwal, makarantar boko, ba, amma in ta zana kifi, kowa a gidanmu ya san wa ake nufi. Ku kun yi karatu kun zana abin da sai kun tsaya a gefe kuna bayani. Muryar da kuke ɗauka a ciki, wa zai ji ta in ƙofar ba ta buɗe ba?"

Ɗayan saurayin ya ce sun gwada da mutane da yawa. Na ce su wa. Ya dubi abokinsa. Ƴan uwansu ne da ƴan jami'a.

Madam Rozin ta daɗe tana kallon hannuna, da yatsan da ya kumbura. Ta ce aikin murya ya tafi, ba za ta ƙwace wa wata ba. Amma tana da sati biyu kafin su nuna abin ga waɗanda suka ba su aikin. In zan iya kawo mata matan da wayar za ta ƙi, ta ga inda take ƙin su, za ta ɗauke ni gwaji na sati biyun nan. Bayan haka ba ta yi alkawari ba. Wurin kwana kuma ba su da shi.

Na fito baranda na kira Inna da layin da Hajiya ta saya mini. Ta ce in dawo. Ta ce Idi zai jira ni a bakin ruwa ko wace rana, ta ce tun Asabar ba ta sa komai a cikinta ba, ta ce aikin da ba alkawari ba aiki ba ne. Ina jin ta ina kallon titi, babura na wucewa, ban san sunan ko layi ɗaya ba a garin. Tsoron bai tafi ba.

Na ce, "Inna, ki ci abinci. Sati biyu ne."

Na koma ciki na ce wa Madam na yarda, amma ba zan kawo mata kowa ba. Matan nan ba za su bar kayansu a rana su hau bene don a kalle su ba. Samarin nan biyu ne za su sauko. Gobe ƙarfe bakwai motar albasa ke isowa Zongo, a nan za su same ni, su miƙa wayar ga duk wadda na nuna, su sa hannu a aljihu, kuma duk wanda ya buɗe baki ya yi bayani zan kore shi gida.